Ranar da Inna ta hau mangwaro

Jiya muna wucewa ta Toukra a mota, Inna ta taɓa kafaɗata ta ce, "Rage gudu, nan ne lambun nan." Na duba, gidaje ne kawai.

Ina aji huɗu a firamare Baba ya kwashe mu daga unguwar Paris-Congo zuwa lambun wani abokinsa a Toukra, tsinkar mangwaro. Na ƙasa duk an tsinke, nunannun suna can ƙololuwa. Muka yi ta jifa har hannu ya gaji. Baba ya gwada da gora, bai kai ba. Ƙanwata Zuwaira ta fara kuka.

Sai Inna, wadda ko dariya da ƙarfi ba ta yi a gaban mutane, ta cire takalmi, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta kama reshe. Kafin mu rufe baki ta yi sama.

Baba ya rikice. "Ke, sauko! In wani ya gan ki fa?"

Daga cikin ganye ta ce, "Malam, kafin ka san ni, duk unguwarmu ba mai riga ni hawa. Buɗe rigarka ka tara."

Haka ya tsaya riƙe da babbar riga, mangwaro na zubowa, yana dariya har da hawaye.

Baba ya rasu, Allah Ya jiƙansa, Inna kuma yanzu sai da sanda. Amma ranar na fara gane ita ma ta taɓa zama yarinya. Ku fa, yaushe kuka hango ƙuruciyar iyayenku?