Mai Gyaran Firji da Allurar Ƙarfe Takwas

"Shekara tara fa da aure, ko ɓari ba ta taɓa yi ba."

"To ai an ce ba daga ita ba ne, daga shi ne."

"In ji wa?"

"Shi da bakinsa. Jiya na kawo firjina, ina ta kewaye-kewaye, sai ya ce, 'Hajiya, daina wahalar da kanki. Likita ya ce matsalar daga wajena take, kuma muna kan magani. Ke kuma kwamfiresonki ne ya ƙone.'"

"Namiji guda? Ko kunya?"

"Ko ƙifta ido bai yi ba."

Wanda matan biyu ke magana a kai yana tsugune taku biyar daga inda suke tsaye, kansa a bayan wani tsohon firji, yana jin komai. Ƙanƙara ake ce masa a layin, har an manta sunansa na yanka. Shagonsa ɗan ƙuƙut ne, cike da tukwanen gas da wayoyi da ƙofofin firji da ya jingine a bango. Da kunne yake aiki. Zai kara kunnensa a jikin inji, ya yi shiru, sannan ya gaya maka abin da ke damunsa kafin ya ɗauki sukundireba. Kuma bai cika yin kuskure ba, shi ya sa ba ya son a koya masa sanyi.

Matarsa malamar lissafi ce a firamare. Ita ta fara jin labarin dashen ƙwai, ita ta ja shi asibiti. Likita ya yi musu bayani dalla-dalla: za a yi mata allurai na kwanaki don ƙwayayenta su nuna, a ciro su, a haɗa da nasa a ɗakin gwaji, in sun kama a mayar mata cikin mahaifa. Karon farko bai kama ba. Malama ta yi kukanta kwana biyu, rana ta uku ta ɗauki jakarta ta tafi aji. Shi kuwa cewa ya yi, "Ko injin sabo ba kullum yake tashi a bugun farko ba." Ta ce, "Injiniya, ni ba inji ba ce." Ya ba ta haƙuri, suka sake shiri.

A karo na biyu komai ya tafi daidai. Allura ɗaya ta rage, kuma ita ce nas ɗin asibitin, wadda kowa ke kira Sista, ta fi ja musu kunne a kai.

"Ranar Laraba, ƙarfe takwas na dare daidai. Ba takwas saura ba, ba takwas da kwata ba. Da wannan lokacin likita zai lissafa sa'ar da zai ciro ƙwai ranar Juma'a. In ta kuskure, wahalar kwana goma sha biyu ta tashi a banza. A sa a firji, amma kada ta daskare. Malam, kana ji na?"

"Sista, ni za a gaya wa firji?"

Malama ta ajiye ɗan kwalin allurar a tsakiyar firjin gidansu, kusa da kwanon madara. Da yamma Ƙanƙara ya dawo ya buɗe, ya taɓa kwalin, bai gamsu ba. Wuta tana yawan ɗaukewa a unguwar. In ta ɗauke awa shida fa? Sai ya yi abin da yake yi wa masu sayar da lemo: ya cire abin da ke tsayar da injin in sanyi ya kai, don ya yi ta aiki ba hutawa, ya tura kwalin can ƙurya ya manna da bango inda sanyi ya fi ƙarfi. Bai gaya mata ba. A ganinsa kyauta ce ya yi mata.

Wutar kuwa ta ƙi ɗaukewa, kwana biyu cur.

Ranar Laraba da la'asar ya rufe shago da wuri, ya koma gida. Ya buɗe firjin zai sha ruwa, gorar ta zama dutse. Ya ɓamɓaro kwalin daga bango, ya zaro sirinjin, ruwan ciki ya yi fari fat, ba ya motsi.

Ya dunƙule shi a tafin hannunsa. Cikin minti biyar ya narke, ya koma garau kamar yadda aka ba su. Ba mai iya ganewa. Malama tana ɗaki tana duba littattafan yara, yana jin ƙarar takarda. Ya ɗaga sirinjin ya sake dubawa. Ya san abin da ƙanƙara ke yi wa abu: ta sake shi ya dawo da kamanninsa, amma ba lallai ya dawo da amfaninsa ba.

"Malama."

"Na'am?"

"Na yi ɓarna."

Ta fito, ta dubi gorar, ta dubi wayar da ya cire tana reto a bayan firjin, ta dubi hannunsa. Ba ta yi ihu ba. Agogon bango ta kalla.

"Biyar da minti goma. Ɗakin maganin asibitin shida yake rufewa. Faɗan zan yi maka, amma sai Asabar. Ɗauko babur."

A hanya ita ta kira Sista, tana riƙe da kafaɗarsa da hannu ɗaya. Suka ci karo da cunkoso a kan gada, ya bi ta lungun masu walda, ya ɓulla ta bayan kasuwa. Shida saura uku suka tsaya a ƙofa. Sista tana jiransu da sabon kwali a kan tebur, ta riƙe ƙugu.

"A'a, ga malamin sanyi! Ni za a gaya wa firji, ko?"

"Sista, yau ki faɗi duk abin da kike so."

"Zan faɗa kuwa. Amma gara da ka yi magana. Akwai waɗanda da sun yi shiru, mu yi ta neman dalili ranar Juma'a." Ta juya ga Malama. "Ba za ku tafi da ita ba. Ku zauna nan, ni zan yi miki da hannuna."

Suka zauna a benci har takwas. Yana ta ba ta labarin firjin wani mahauci da ya taɓa samun ɓera a ciki, tana ƙin dariya, dariyar tana ƙwace mata.

Ranar Juma'a aka ciro ƙwai tara. Bayan kwana biyar likita ya kira su, ya ce uku sun kama, sun yi kyau. Za a mayar da ɗaya yanzu, biyu kuma a adana su don gaba.

"A adana su ina?" in ji Ƙanƙara.

"Daskarar da su za a yi."

Ya miƙe zaune. "A daskarar? Da gangan?"

Likita ya yi murmushi ya ce wannan sanyi daban ne, tulu ne na ƙarfe da ake zuba wa wani ruwa mai tsananin sanyi, ba ya amfani da wuta, ba shi da kwamfireso.

"Ba kwamfireso? To me ke riƙe sanyin? Murfin wane iri ne? Likita, ko leƙawa ne a bar ni in yi, minti ɗaya. Wataƙila ma akwai abin da zan iya..."

Malama, tana kwance cikin rigar asibiti, ta ɗago kai daga matashi.

"Likita, don girman Allah, ku nuna masa ta taga. Amma 'ya'yana na ciki, kada ku bari ya taɓa tulun nan."