Na Zama Idon Surukina

Shekarar da mijina ya tafi ribaɗi, wato zaman gadin iyaka da ake tura mazaje, ita ce shekarar da mahaifinsa ya komo daga aikin hajji. Ya daɗe ƙwarai a hanya, har ya zauna Masar yana karatu. Ya iso gidanmu na Ƙofar Marke da raƙumi ɗaya, gafakokin littattafai, da kuma yanar da ta rufe idanunsa duka biyu. Yana gane mutum a tsaye, amma baƙi a takarda ya gagare shi.

Ni kuwa tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba. In na hango shi tafe, ɗaki nake faɗawa. Gidan malamai na fito, kuma ina biya wa matan unguwa karatu da la'asar, amma shi ban zaci ya san da haka ba.

Wata rana da hantsi ya aiko a kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinsa, mayafi har goshi.

"Ɗiyata, an ce mini Larabcinki ya hi na mijinki," in ji shi.

Na rasa inda zan sa kaina. Ya turo mini wani littafi da ƙafar sandarsa, ya ce wani Banasare ya wallafa shi, an juya shi da Larabci a Masar. Ba ya son almajiran zaure su karanta masa, don kafin azahar zancen zai kai Ƙofar Dundaye.

"Allah shi gafarta Malam, na Nasara?"

"Na Nasara. Buɗe."

Ban taɓa ganin littafin da ba hannu ya rubuta ba. Baƙaƙen ƙanana ne, duk kansu ɗaya, babu wasali, babu jan tawada. Na yi ta tuntuɓe kamar wadda ta fara allo jiya, shi kuma yana gyara mini daga inda yake zaune a kan buzu. Muryata ba ta fita. Ya ce in matso, na matsa kaɗan, ya ce in ƙara.

Zagin addininmu na yi zaton zan tarar. Ashe mutumin da danginsa yake jayayya. Cewa yake littafin da suke bi mutane ne suka rubuta shi a zamani daban-daban, kowa da fahimtarsa, don haka a auna shi da hankali yadda ake auna kowane labari. Ya ce girman Annabi Isa yana cikin halinsa da tausayinsa ga masu rauni, kuma mutum ne mai jin yunwa da gajiya. Da na kai nan sai na manta a gaban wa nake.

"Ai wanga ya musulunta!" na ce, da ƙarfi.

Surukina ya yi dariya har da tari. Na ja mayafi na rufe baki.

"Kada ki yi saurin ba shi buta," ya ce. "Ci gaba."

Muka ci gaba, kowace safiya bayan na sauke kunu. Da muka shiga babin mu'ujizai na gane abin da ya sa shi dariya. Marubucin ya ce warkar da makaho da tayar da matacce labarai ne da ƙaunar mabiya ta ƙawata, darasin da ke cikinsu shi ne abin riƙo. Raina ya ɓaci. Abin da mu muka gaskata game da annabin, ga wanda ke kiran kansa mabiyinsa yana kokwanto a kai.

Sannan muka zo kan haihuwar Annabi Isa. Idona ya riga bakina, na ga mutumin yana maganar ɗaukar ciki da yadda mace ke samunsa, filla-filla, yana tambayar ko an taɓa haihuwa ba uba. Wannan ba zancen da zan yi ko a gaban yayata ba ne, balle uban mijina. Na tsallake, na kama daga ƙasan shafin.

Ya ɗaga hannu.

"Dakata. Kin buɗe magana da sharaɗi, ina jawabinai?"

Na maimaita layin da na kama.

"Mi kinka bari?"

"Malam, ba ya faɗuwa."

Ina jin ana daka a gidan maƙwabta. Can ya juya fuskarsa wajen bango, ya ba ni baya gaba ɗaya, shi da ko ya dube ni ba sosai zai gan ni ba.

"To, ba ni nan. Karanta ma bango."

Na karanta wa bango, ina gumi. Da na gama ya juyo, ya tambaye ni me zan amsa wa mutumin. Na jawo ayar Alƙur'ani da sauri, ina jin nan dai na tsaya da ƙafafuna.

"Gaskiya ta," ya ce. "Amma shi bai karɓi littahinki ba. Nashi ma aunawa shikai. In ga shi zaune nan, da mi za ki fara?"

Na rufe littafin, na fita da tambayar a kaina. Ni da mata ke tambaya ina amsawa tun kafin su rufe baki. Da la'asar ɗin nan na zauna a gabansu ina biya musu babin tsarki, wata tsohuwa ta yaba mini sani, na ji kamar in nutse. Na kwana biyu ina juya tambayarsa ina tankaɗe. Abin da na iya kai masa kawai shi ne cewa mutumin ya yarda Allah ya halicci mutum na farko ba uwa ba uba, to me ya sa haihuwa ba uba ta yi masa nauyi? Ya gyaɗa kai, ya ce watakila shi ma wancan ɗin darasi zai kira shi, amma dai an fara magana.

Ba mu kai rabin littafin ba mijina ya dawo. Karatu ya koma hannunsa, yadda ya kamata, na kuwa yi hamdala a fili. Sai ga ni washegari na ɗauko shinkafar da ba ta bukatar tsinta, na zauna da faifai a bayan zanar da ke jikin ɗakin. Ina so in ji inda mutumin zai ƙare, kuma wannan son ya fi komai ba ni kunya. Mijina yana karatu yana tsaki, yana neman tsari a ƙarshen kowane layi. Bai jima ba ya ce idonsa na ciwo.

Daga baya na ji an ba wani malami na Ƙofar Kware aron littafin, bai kuma dawo ba. Surukina ya rasu da damina ta biyu. Kafin nan ya taɓa tsayawa a bakin madafa, ya ce ba tare da ya juyo ba, "Saura babi ukku, ɗiyata." Na ce, "Haka ne, Malam," na ci gaba da hura wuta. Ban tambaye shi abin da ke cikinsu ba.