Yadda Na Kai Darbejiya Tsibirin Manoka

Daga New Bell, unguwarmu a Douala, zuwa bakin ruwa

Ana idar da sallar asuba na fito da buhun dashen darbejiya da jarkar ruwan famfo. Inna ce ta aike ni. Ƙanena Salisu yana bandar kifi a Manoka, kuma teku ta riga ta cinye masa makewayi, ta nufo ɗakin kwana. Umarninta biyu ne: ko in tsayar da ruwan, ko in dawo mata da ɗanta. Na zaɓi na farko. A Arewa da darbejiya ake tare hamada, ban kuma ga dalilin da teku za ta fi hamada taurin kai ba.

Cikin kwalekwale

A tashar jirgin ruwa ta Yupwe mai jirgi ya karɓi kuɗin mutum biyu, wai buhun ma zama ya yi. Wani jandarma ya buɗe jarkar ya sansana.

"Alhaji, ruwa kake kai wa teku?"

"Na ban-ruwa ne."

Bai hana ni wucewa ba. Abokinsa kawai ya kira ya zo ya gan ni.

Manoka

Salisu ya tarbe ni da kifi da rogo. Ya dubi buhun ya ce, "Yaya, a nan matanda ake dasawa." Wani itace ne mai rayuwa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsa duk a waje. Shi mutanen tsibirin suka sare suna banda har teku ta samu hanya, yanzu matan garin suna mayar da shi cikin taɓo, ba layi ba tsari. Na ce masa ban zo neman shawara ba.

A gaban ɗakinsa na ga fili shimfiɗe, ba mai amfani da shi. Na ja igiya, na dasa sahu-sahu, na shayar da kowanne. Wata tsohuwa daga cikin masu dashen ta yi magana, mata suka kwashe da dariya.

"Me ta ce?"

"Tana tambaya ko sun iya iyo."

Na yi azahar na ɗan kishingiɗa. Da na tashi la'asar, babu filin. Ruwa ne har bakin ƙofa, jarkata tana can nesa ta kama hanyar Douala ba ni.

"Salisu, ina filin?"

"Kullum sau biyu yake tafiya, Yaya. Zai dawo."

Ya dawo kuwa, amma shi kaɗai. Dashen matan yana nan tsaye a karkace, ko ɗaya bai tafi ba.

Washegari na naɗe wando na shiga taɓo tare da su. Na kawo igiya, suka ɗaure akuya da ita. Na tambayi tsohuwar yaushe matanda zai tare teku. Ta ce idan jikarta ta yi aure. Jikar tana goye a bayanta. Sai na koma umarni na biyu. Salisu bai yi musu ba, ya cire ƙofar ɗakinsa ya ɗora a ka.

Komawa gida

Ruwan sama ya raka mu tun daga tsibiri. Mun shiga lungunmu da magariba, ruwa har gwiwa, kwata ta toshe da leda. Muka tarar da Inna a kan tebur, tukwanenta suna yawo a tsakar gida. Ta daɗe tana duban Salisu.

"Sannu da zuwa, auta. Ka taho da kwalekwale?"

Ina gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, da matan Manoka da suka koya mini dashe. Gobe za mu yashe kwata, ni da Salisu, daga farkon lungu zuwa ƙarshe.