Ranar da Jar Mota Ta Ƙi Turi

Wata Asabar ce cikin damina, shekarar da na shiga aji huɗu, Baffa Nasiru, ƙanen mahaifinmu da ke aiki a Kano, ya shigo garinmu Garo da wata jar mota mai ƙofa biyu. Cikinta kamar zai taɓa ƙasa, rurinta kuwa sai da ya tarwatsa zabin Inna. Na yar da tsintsiya na fita a guje. Da muka leƙa ta taga, sai muka ga abin ɗaure kai: abin takawa biyu ne kacal, babu kuloci. Baffa ya ce otomatik ce, ita ke canza wa kanta giya, kuma kafin ka gama tauna goro ta kai ka Kabo. Wallahi na ɗauka aljani ne a cikinta.

Mu dai motar da muka sani ita ce tsohuwar a-kori-kurar Malam Sale, maƙwabcinmu mai kai hatsi kasuwa. Ba ta san makulli ba. Kullum kafin makaranta sai mun taru a bayanta, maza da mata, mu tura ta gangaren masallaci, shi kuma ya sa giya ta biyu ya saki kuloci, ta yi tari, ta turnuƙe mu da hayaƙi, ladanmu ya rage mana hanya. Ranar kuwa ko kallonta ba mu yi ba. Muka nace sai Baffa ya bar mana rediyon jar motar a kunne, muka wuni muna rawa muna wasa da fitilu. Ni ce ma uwar nacin.

Da la'asar aka shigo da Yaya Habu daga gona a kafaɗa, kububuwa ta sare shi a dunduniya. Sai asibitin Gwarzo. Aka kwantar da shi a motar da ta fi kowace gudu, Baffa ya murza makulli, ta ce ƙas, ta yi shiru. Mun shanye batirin. Ba wanda ya ce mu tura, abin da muka iya ke nan. Muka tura ta har gangaren masallaci, muka wuce rijiya, Baffa na ihu, "Irin wannan ba ta tashi da turi!" Ina turawa ina kuka, don na san ni na jawo.

Sai ga Malam Sale da ruwan alwala a gemunsa. "Ku bar amarya ta huta, ku zo ga tsohuwa," in ji shi. Aka mayar da Yaya bayanta a kan buhuna, muka tura da duk ƙarfin da ya rage mana, ta tashi tun ba a kai masallaci ba. Muka tsaya cikin taɓo muna sauraro: giya ta biyu, ta uku, ta huɗu, kowace ta shiga lafiya lau, har ƙarar ta ɓace bayan gonakin dawa. Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba.

Yau ni ma otomatik nake ja a Kano, ƙafata ta hagu na zaman banza, kuma ba na raina sauƙinta. Malam Sale ya riga mu gidan gaskiya, motarsa ta zama akurkin kaji. Amma duk ranar da Yaya Habu ya shigo gidana yana ɗan ɗingishi, jikanyarsa a kafaɗa, sai in ji tafin hannuna na tuna zafin ƙarfen nan. Jar mota ta ba mu kallo, tsohuwa ta ba mu Yaya.