Malam Dabo da Tutoci Goma Sha Tara

Duk wanda ya sauke Alƙur'ani a ƙauyukan gabashin Tsanyawa, Malam Dabo ne ya yi masa zayyanar allo. Shekara talatin yana jan layi, ko sau ɗaya bai taɓa karkace masa ba. Dattijo ne siriri mai kafiyar tsiya, wanda ko shuka zai yi sai ya ja igiya.

A shekarar farin nan da gero ya bushe tun bai fid da kai ba, malaman firamaren garinsu suka watse. Saura hedimasta Muntaka shi kaɗai da yara goma sha tara. Tutar makarantar ma iska ta yayyage ta, sai sanda a tsaye. Ana cikin haka takarda ta zo cewa jami'in ilimi zai zo ranar bikin 'yancin kai, idan ya tarar makarantar ta mutu za a haɗe ta da ta wani gari mai nisan mil biyar. Babu uban da zai bar 'yarsa ta yi wannan tafiyar kullum, kuma jikokin Malam Dabo mata uku suna cikin yaran.

Hedimasta ya same shi a zaure ya ce, "Malam, ba mu da ƙyallen tuta. Ko za ka koya wa yaran su zana ta a bango? Ba abu mai rai ba ce."

"Kore, fari, kore? Je ka, gobe ina tafe."

Ya zo kuwa, ya zana ta da gawayi, tsaf da ita. Jikarsa Asama'u ta leƙa ta ce, "Tsoho, wannan ai ƙyaure ne. Tuta kaɗawa take yi." Aji ya kwashe da dariya.

Abin ya ƙona masa rai, don yarinyar ta fi shi gaskiya. Kwana uku yana gwadawa a ƙasan zaure, hannun ya ƙi lanƙwasa. Da ya tasar wa lanƙwasa sai layin ya miƙe abinsa.

Rana ta huɗu, a bakin rijiya, ya ga wani mai ban ruwa ya kaɗa igiyar guga ya sake ta, ta kwanta a kan yashi tana hawa tana sauka. Ya tsaya yana kallonta har aka zaci ba shi da lafiya. Ya aro igiya biyu ya nufi makaranta, ya kaɗa su a ƙasa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya ce kowa ya bi su da yatsa. Shi ma ya durƙusa cikin yaran yana bi, da gemunsa da komai.

Daga yashi suka koma bango. Koren ganye ya ƙare a gonaki, sai darbejiya, ita suka daka suka haɗa da ƙaro kamar yadda yake haɗa tawada. Farar ƙasa ta cike tsakiya. Yara suka yi ta ƙorafin ɗacin ganyen ya bi yatsunsu har cikin tuwon da dama ba ya isa. Ya ce su ci da hannun a haka, aiki bai ƙare ba.

Ranar da jami'in ya zo, ko ganye ba ya motsi. Ya sauka daga babur, ya dubi sandar da babu komai, ya buɗe littafinsa. Malam Dabo yana tsaye a gefe yana kallo. Hedimasta ya roƙi baƙon ya zaga bayan aji tukuna.

Tutoci goma sha tara ne a bangon, wata ta karkace, wata kamar za ta fizge ta tashi, kowane yaro tsaye a ƙarƙashin tasa. Jami'in ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tambayi yaran, "Ina malaminku?"

Yatsu goma sha tara masu kore suka nuna tsohon.

"Malam, ai sunanka ba ya cikin takardata."

"Ranka ya daɗe, ba ni na zo a rubuta ba. Su za ka rubuta."

Jami'in ya juya sabon shafi, ya dubi yarinyar farko ya ce, "Yaya sunanki?"

"Asama'u," in ji ta.