Katin Golanmu

Har yau ba na iya zama in saurari gardamar wa za a sallama daga ƙungiyar ƙwallo, wa za a ɗauko. Jikokina suna yin ta a gaban talabijin, rabi da Larabci rabi da 'yar Hausar da ta rage a bakinsu, ni kuwa sai in jawo sandata in fita. Sun ɗauka tsufa ne ya sa ba na son hayaniya. Ba su san a zamanina duk unguwarmu babu wanda ya kai ni zaƙewa a irin wannan gardama ba.

Unguwar tamu tana kudu da tashar jiragen ruwa ta Jidda, gidajenta na katako da langa-langa, mutanenta yawanci 'ya'ya da jikokin alhazan da suka taho daga ƙasar Hausa da ƙafa ba su koma ba. Muna da ƙungiyar ƙwallo, muna da fili mai ƙasar gishiri, da turaku na tsohon bututu da muka samo a tasha. Ni ban taɓa bugawa ba, ƙafafuna biyu duk na hagu ne. Aikina dako a tasha da rana, bayan la'asar kuma in zauna a gahawa, shagon shayin da ke bakin fili, in yi ta koya wa 'yan wasa abin da ban iya ba. Lokacin ina sabon aure, jini na tafasa, ina ganin duk abin da ya fito daga bakina gaskiya ne.

Golanmu ya girme ni da kusan shekara takwas, Yaya nake ce masa. Ga-ruwa ne, yana ɗebo ruwa a famfon unguwa da garwa biyu a sanda yana kai wa gidaje. Dogo ne, tafin hannunsa kamar faifai, ba ya da yawan magana. Shekara goma sha ɗaya yana tsare mana raga. A hanya aka haife shi, wani wuri tsakanin Chadi da Sudan, mahaifinsa ya rasu kafin su ga teku, mahaifiyarsa ta tsallako da shi goye a jirgin kwale-kwale. Ba shi da takardar haihuwa, ba shi da iƙama, wato izinin zaman baƙo, ba shi da takardar zama ɗan ƙasa irin wadda mahaifina ya samar mana. Takarda ɗaya tak yake da ita a duniya mai hotonsa da hatimi, ita ce katin ƙungiyarmu. Wannan katin ba komai ba ne a wurin hukuma, amma idan askarawa suka tare shi ya nuna, sukan yi dariya su ce ashe golan nan ne, su ce ya wuce. Da shi yake yawo, a ɗinke cikin fata kamar laya, rataye a wuya. Kowa a unguwa ya san haka, ni ma na sani.

A shekarar da nake ba da labari ƙungiya ta tsufa a tsaye. 'Yan unguwar Bagdadiyya suka zo har filinmu suka zuba mana huɗu, biyu daga ciki ta tsakanin ƙafafun Yaya suka wuce, don gwiwoyinsa sun daina lanƙwasuwa da sauri. Mudirinmu, wato mai kula da ƙungiya, wani dattijo mai shagon kayan keke, ya ce zai rushe ya sake gini. Zai sallami tsofaffi biyar, ya tara yara, mu haƙura da shan kashi na shekara ɗaya ko biyu. Babban abin da ya ƙulla shi ne musaya da wata ƙungiya ta can Abhur, arewa da Jidda, ta direbobi da masu gadin gidajen bakin teku. Suna da yara biyu, wa da ƙane, masu gudu kamar an biyo su, amma ba su da gola. Za su ba mu yaran, mu ba su Yaya.

Wata guda cur ba a yi wata hira a gahawa ba sai wannan. Kujerun igiya suka rabu biyu, har mai shayi ya san gefen da zai kai wa kowa kofinsa. Shugaban masu ƙi wani tsohon tela ne, Bahaushen Sudan, wanda shi ke ɗinka mana riguna. Shugaban masu so kuwa ni ne, ba wanda ya naɗa ni.

"Mudiri ya haukace," in ji tela. "Mutum ya tsare maka gida shekara goma sha ɗaya, rana ɗaya ka musanya shi da yara biyu kamar tayar keke?"

"Ya ammi, raga ake tsarewa, ba tarihi ba," in ji ni. "Ka ga ƙwallon nan ta uku? Wallahi da matata ce a ragar da ta tare ta da zani."

Aka bushe da dariya, ni kuwa kaina ya ƙara girma. Haka muka yi ta yi kullum. Su ce yaran ba su da ƙashi, iska za ta ɗauke su, mu ce iskar ce za ta kai su raga. Su ce wa zai tsaya a gola, mu ce akwai ɗan mai gasa burodi yana tasowa. Na lissafa musu ƙwallayen da suka shiga a wasa shida da yatsuna, na tashi tsaye na kwaikwayi yadda Yaya ke faɗuwa bayan ƙwallo ta riga ta wuce. Ina jin kunyar wannan kwaikwayon fiye da yadda zan iya faɗa.

Da tela ya ga an rinjaye shi, sai ya sauke murya.

"Tayyib, na ji. Ku yi musayarku. Amma ku bari sai an watse daga Hajji, an kwana biyu."

Saura mako uku a hau Arfa. A al'adar ƙungiyoyin unguwa, musaya ba ta tabbata sai mudirai biyu sun zauna gaban shaidu an yayyaga tsofaffin katunan, don kada sunan mutum ya zauna a ƙungiya biyu. Daga baya kowace ƙungiya ta yi wa nata sabo. Shi kuwa mudirin Abhur direba ne, jibi zai tafi Makka jigilar alhazai, ga kuma labari ya zo cewa 'yan Bagdadiyya sun fara zawarcin yaran. Ni abin da na gani a maganar tela dabara ce kawai ta jan lokaci. Na ce masa haka a gaban kowa. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan mai takarda ne, ya waladi," ya ajiye kofinsa ya tafi. Na ɗauka zagi ne, har na shirya amsar da zan ba shi gobe.

Mudiri ya yarda a yi kafin Hajji, amma ya ce shi ba zai iya zuwa ya karɓi katin ba, don shi ya fara sa wa Yaya riga tun yana saurayi. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ni na ce zan je.

Na same shi da hantsi a bakin famfo yana jiran layi, garwa biyu a gabansa. Ya riga ya ji komai, har kwaikwayon ma na tabbata ya ji. Muka gaisa, ya tambayi amarya. Na yi ta zagaye-zagaye ina cewa Abhur akwai iska mai daɗi, filinsu ya fi namu laushi, gwiwarsa za ta huta. Ya bar ni na gama.

"Katin ka zo karɓa?"

"Mudiri ne ya aiko ni, Yaya."

Ya sa hannu ya ciro layar daga wuyansa, ya ɗauki ƙusa ya farke ɗinkin a hankali. Katin ya yi laushi saboda gumi, hoton na lokacin da yake da gashi. Ya riƙe shi ya ɗan duba.

"Na can yaushe za a ba ni?"

"Bayan Idi in sha Allah. Da mudirinsu ya dawo."

"Bayan Idi," ya maimaita.

Da ya ce a'a, da babu mai iya tilasta shi. Amma ba mutumin da zai roƙi a bar shi a ƙungiyar da ta ce ba ta so ba ne. Ya miƙo mini, ya ce, "Halas, shi ke nan, ka gai da mudiri," ya sunkuya ya tura garwarsa gaba. Na sha gaya wa kaina cewa ban yi tunani ba a lokacin. Ƙarya ne. Tunanin ya zo mini a nan bakin famfo, sarai, na ture shi, don ina son yaran nan biyu, kuma ba na son tela ya ci gardama. Da yamma aka yayyaga katunan uku a gahawa, aka kawo shayi, na tafa da hannuna.

Hajji ya zo ya ɗauke kowa. Ni ina tasha ina sauke akwatuna, wasu suna Mina suna sayar da ruwa, fili ya zama na awaki. Bayan an watse kuma, kamar kowace shekara, aka fara tsintar waɗanda suka zo Hajji suka maƙale. Duk wanda ya tashi a unguwarmu ya san waɗannan makonnin, ya san marasa takarda ba sa yin nisa da gida. Yaya ma ya sani. Amma aka aiko masa cewa mudirin Abhur ya dawo, ya kawo hoto a yi masa kati. Ya je Bagdadiyya aka ɗauke shi hoton, ya hau bayan wata motar yashi mai zuwa arewa. A hanya aka tsayar da motar. Askarawan wurin ba su taɓa ganin wasanmu ba. Direban ne ya zo ya faɗa mana washegari, ya ce Yaya ya kai hannu wuyansa, ya tsaya haka, sannan ya sauka da kansa.

Mudiri ya rufe shagonsa kwana huɗu yana bin ofisoshi, tela yana biye da shi. Duk inda suka je sai a ce ina shaidar cewa a nan ya girma. Ranar da suka gano inda aka ajiye shi, aka ce jirgin ruwan da ke kwashe marasa takarda ya tashi da shi tun jiya da azahar. Jiya da azahar ina tasha. Na ga layin mutane daga nesa ana hawa da su, kowa da ɗan ƙullinsa, har na ga wani dogo a cikinsu da babu komai a hannunsa. Ban tsaya ba, akwai buhu a bayana. Ban san ko shi ne ba, kuma shekara da shekaru ina ganin wannan dogon a duk layin da na gani, ko na burodi ne.

Abin haushin shi ne mudiri ya yi daidai, ni ma na yi daidai. Yaran nan biyu suka zama abin tsoro, ɗan mai burodi ya kama raga, a shekara ta biyu muka rama wa 'yan Bagdadiyya har gida. Aka ɗaga mudiri sama yana kuka, mutane suka ɗauka na murna ne. A gahawa gardama ta ci gaba a kan wasu 'yan wasan, amma sunan Yaya ya fita daga bakin kowa. Tela bai taɓa ce mini ga abin da na faɗa ba. Gaisuwa kawai ya daina amsa mini da baki, sai da kai.

Saura mahaifiyarsa, wadda duk unguwa ke kira Inna. Ba ta da kowa sai shi. Na fara kai mata ruwa, daga nan cefane, daga nan na gyara mata rufin ɗaki. Kowace shekara idan jiragen alhazai suka fara isowa, sai ta ce tunda a tasha nake, in tambaya mata. Na kan tsaya a bakin ƙofar fita ina tare baƙi da Hausata ta Jidda, ina tambayar ko sun ga wani dogo ga-ruwa mai haɗa Hausa da Larabci. Sau ɗaya wani ya ce ya ga mai kama da shi yana dako a Bor Sudan. Wata shekara wani ya ce a wata tashar mota a Chadi. Daga nan shiru. Ƙasar da aka ce ita ce tasu, ko sunan ƙauyen ubansa bai riƙe da kyau ba.

Sau ɗaya tak ta tambaye ni. Tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba.

"Ɗana, layar nan ta wuyansa, na tsince ta a ɗaki a farke. Wa ya karɓi abin da ke ciki?"

Na ce, "Mutanen ƙungiya ne, Inna."

Ta ce Allah Ya isa tsakaninta da su, amma ban da ni. Ta ce ni kaɗai ne ɗan halas a cikin 'yan ƙwallon nan. Ta yi ta sa mini albarka. Sau da yawa na shirya faɗa mata gaskiya, in zo har bakin ƙofa da maganar a bakina, sai ta ce, "Yalla shigo, ɗana," in shiga in ajiye ruwan in fito. Mutanen unguwa sun sani, amma ba wanda ya gaya mata, don sun san idan ta kore ni babu mai kai mata ruwa.

Ta yi shekara tara bayansa. Da ciwon ajali ya kama ta, ta kira liman da matan maƙwabta, ta ce tunda Allah bai dawo mata da nata ba, ga wanda zai tsaya a matsayinsa. Ni zan shiga kabari in karɓe ta, ni za a yi wa gaisuwa.

Haka aka yi. Na shiga, aka miƙo mini ita, ba ta da nauyi ko kaɗan. Na kwantar da ita na juya fuskarta alƙibla. Bayan an rufe na tsaya a inda ɗa ke tsayawa, mutanen unguwa suka yi layi suna ba ni hannu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya san abin da ya sani. Tela ne na ƙarshe, ya tsufa ƙwarai, ana riƙe da shi. Ya kama hannuna da nasa biyu, ya ce, "Allah Ya ba ka haƙurin rashin mahaifiyarka." Na ce amin.