Malam Alkasum, Mai Jiran Batiri Ya Huta

Mutane da yawa a garin nan suna ɗauka batiri batiri ne. In an rubuta bolt goma sha biyu a jikin wannan, an rubuta sha biyu a jikin wancan, sai a samo kabul a haɗa su, a ce ƙarfi ya ƙaru. Ni da na shekara goma sha tara ina koyar da kimiyya a lise, wato babbar sakandare, na san a takarda ba haka ba ne, amma ban san shi a hannu ba sai da na zauna kusa da Malam Alkasum Garba. Shi ne Allah Ya karɓi ransa ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, bayan azahar, a gidansa da ke tsohon garin Agadas, bayan jinyar kwana tara. Yana da shekara sittin da uku. Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Malam, ba ka taɓa zama a bencin lakkol, wato makarantar boko, ba. Allo ka yi, daga nan ka shiga tasha kana gyaran wutar manyan motocin da ke zuwa Dirku. Da pano ya shigo gari, wato farantan nan masu kama hasken rana, ka koye shi da ido da tambaya, har ya zama in gyara ya gagari kowa, rumfarka ake nufa. Kowace shekara ina kawo maka ɗalibaina, kana shimfiɗa musu tabarma, kana kirana da sunan da ake kiran malaman lakkol, kana ce mini: "Mushe, kai ka faɗa musu sunan abin, ni in nuna musu halinsa."

Abubuwan alherinka suna da yawa, amma guda ɗaya nake so in ba da labari, don a gabana aka yi shi.

Bazarar bara ce. Damina ta yi gardama a yammacin Ingal, ciyawa ta ƙare tun da wuri, makiyaya suka taru da iyalansu da abin da ya rage na dabbobinsu a bakin rijiyar wani ƙauye. Sai ƙyanda ta fara ɓulla cikin yara. A ƙauyen akwai ƙaramar likita, wato ɗan asibiti mai ɗaki biyu, Malama Ramatou ce kaɗai ma'aikaciya a cikinta. An kawo mata allurar rigakafi ta yara ɗari uku, aka sa ranar kasuwa, kwana biyar a gaba, don a yi musu kafin iyayensu su tashi su yi kudu neman kiwo. Maganin nan ba ya son zafi. Dole firigo, wato firij, ya riƙe shi tsakanin digiri biyu da takwas, in ba haka ba a zubar.

Firigon kuwa a kan batura huɗu yake, irin na dalma da ake zuba wa ruwa, kuma duk sun tsufa. Sababbi babu. Tun da sojoji suka karɓi mulki aka rufe iyakoki, kayan da ke zuwa daga bakin teku suka yi wuyar gani. Ana cikin haka wani ɗan ƙauyen, Abdu, ya dawo daga haƙar zinariya a Jado da batirin litiyom sabo fil, ya ba likita kyauta, sadaka ga mahaifiyarsa da ta rasu. Da hannunsa ya samo kabul mai kauri ya haɗa shi da tsofaffin, jama'a na sa masa albarka.

Kwana biyu aka yi abin ya lalace. Da tsakar rana sabon batirin ya kan ɗauke kansa, kafin gari ya waye kuma ya zama fanko. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya yi zafi yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ma'aunin firigo ya hau tara. Aka fara raɗe-raɗin cewa an yaudari Abdu da jabu, ko kuma shi ya yaudari gari, har ya daina fitowa masallaci. Ramatou ta kwashe maganin ta sa a akwatin sanyi da sauran ƙanƙarar da ta rage mata, wadda ba za ta wuce kwana ɗaya da wuni ba, ta kira ka a salula.

Ka biyo ta gidana da asuba ka ce in raka ka, ko za a buƙaci mai karanta takardar batirin. Muka wuce shingen sojoji uku, a kowanne sai an zazzage jakarka, kai kuwa kana gaishe su da aiki kamar babu abin da ke jiranmu.

Da muka isa, ka kwance duk kabul ɗin da ke ɗakin. Pano huɗu ne a kan rufi, ka raba su biyu-biyu. Ka ciro regilater daga jakarka, wato akwatin da ke auna wa batiri wutar da ke shigarsa, ka daidaita shi da halin litiyom, ka ba shi pano biyu, ka ɗora firigo a kan batirin Abdu shi kaɗai. Tsofaffin huɗu kuwa ka jera su a inuwa, kowanne daban, ka fito ka ce a ɗora shayi.

Nan ne ran mutane ya ɓaci. An ɗauko mai gyara tun daga Agadas, ga shi ya miƙe ƙafa yana fifita gawayi. Ni ma na matso na ce maka ko mu fara aunawa. Ka ce mini batirin da ya tashi daga aiki yanzu ba ya faɗin gaskiya, sai ya huta. Awa uku muka yi. Sai da la'asar ta kusa ka miƙo mini ma'aunin bolt ka ce in karanta da ƙarfi kowa ya ji. Uku suka nuna sha biyu da ɗigo huɗu. Na huɗun ya nuna goma da rabi. Ɗaki ɗaya cikin ɗakunansa shida ya mutu, kuma shi ne yake zuƙe duk abin da sabon batirin ya tara. Ɗaukewar tsakar rana kuma, tsohon regilater ne ke turo wuta irin wadda dalma ke so, ta fi ƙarfin litiyom, shi kuwa yana da mai gadi a cikinsa da ke rufe ƙofa don kada ya ƙone.

Maigari ya ce to a zaɓi ɗaya: ko a zubar da tsofaffin, ko a mayar wa Abdu kayansa. Ka ajiye kofin shayinka ka ce:

"Ranka ya daɗe, raƙumi da akuya rijiya ɗaya suke sha a ƙauyen nan. Ka taɓa ɗaure su da igiya ɗaya ka tura su kiwo?"

Ya ce sai dai in yana son asarar akuya.

Ka ce haka batura suke. Litiyom ana iya aiki da shi har ya kusa ƙarewa, gobe ya cika lafiya lau. Dalma kuwa in ana yawan sauke ta ƙasa da rabi, kwananta ya ƙare. Rana ɗaya za ta ciyar da su, amma kowanne da kwaminsa.

Maigari ya tambaya wanne ne raƙumin.

"Wanda Abdu ya kawo," in ji ka. "A kira shi ya zo ya riƙe mini kabul."

Na ga fuskar Abdu lokacin da ya shigo ya ji abin da aka ce, ba zan manta da ita ba.

Washegari ka gama sauran. Batura uku masu rai ka bar su da tsohon regilater da pano biyu, su riƙe fitilu da cajin salula. Ka sa wa kowane ɓangare fizibil ɗinsa, mai tsinkewa in wuta ta yi yawa. Ka kafa makunni mai hannu ɗaya a bango, yadda in hadari ko ƙura ta rufe rana litiyom ya yi ƙasa, Ramatou za ta juya firigo ya koma kan dalma na ɗan lokaci, ba tare da batura sun taɓa juna ba. Ka sa aka haƙa rami cikin ɗaki aka jera tubali, aka saukar da baturan ciki don zafi. Da ka gano ruwan rijiya ake zuba wa tsofaffin, ruwan yankin kuwa gishiri gare shi, ba ka yi faɗa ba. Ka ɗora buta a wuta, ka kifa kwano a bakinta, ka nuna wa Ramatou yadda tururi ke komawa ruwa mai tsabta yana ɗiga. Darasin da nake zanawa a allo kowace shekara ke nan, ban taɓa ganin an saurare shi kamar ranar ba.

Kafin mu tashi ma'aunin firigo yana kan huɗu. Ranar kasuwa aka yi wa yara ɗari biyu da tamanin da shida allura, bayan kwana uku iyayensu suka naɗe tantuna suka tafi.

Abu ɗaya ne ban sani ba sai a zaman makokinka. Maiɗakinka Hajiya Hauwa ta ce regilater ɗin da ka ciro daga jaka na gidanka ne, a bangon ɗakinku ka kwance shi da safen nan. Kuka ƙarasa bazarar ba fanka, ba ruwan sanyi, wata bakwai kafin ka samu wani. Da ta yi maka magana ka ce ku manya ne, zafi ba ya lalata ku.

Ɗalibaina, da duk mai pano a gida, ku gwada abin nan da kanku. Ku cire wa batiri duk abin da ke jikinsa, ku bar shi awa uku, sannan ku auna. In kuna da fiye da ɗaya, ku raba su ku auna kowanne shi kaɗai. Ku rubuta abin da kuka gani ku kawo mini ranar Asabar a rumfar Malam, iyalinsa sun yarda ta zauna a buɗe.

Ramatou ba ta samu zuwa sadakar uku ba. Ta aiko a ba iyali haƙuri, ranar ta faɗa kan ranar rigakafi, mata sun yi layi da jarirai tun hantsi, maganin kuma da sanyinsa, ba ta iya rufe ƙofa ta taho.

Ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Hauwa, da ƴaƴansa, da abokan sana'arsa na tasha, da mutanen ƙauyen da ya yi wa hidima. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa Alkasum, Ka yafe masa kurakuransa, Ka karɓi aikinsa. Ka sa lafiyar yaran nan, waɗanda ba su ma san sunansa ba, cikin ma'aunin alherinsa. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya masa makwanci. Amin.